Sayen tsohon injin fimbol na hannu: ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Tambayar da ɗan'uwa ya aiko ita ce: yana son ya sayi injin wasan fimbol, wato teburin nan mai rufin gilashi da ake buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a ciki ana tara maki, irin na da, wanda babu kwamfuta a cikinsa, ya ajiye a gida. Kuɗin da ya ware ba su da yawa. Ya ga guda biyu ana sayarwa. Ɗaya yana aiki amma fentinsa ya cinye, ɗayan kuma ko motsi ba ya yi amma yana da kyan gani, kuma ya fi arha. Wanne zai ɗauka, me kuma zai duba kafin ya biya?

Malam, idan mataccen nan cikakke ne, wato ba a cire masa komai ba, kuma ruwa bai taɓa shi ba, shi za ka ɗauka. Dalilin shi ne kusan duk abin da ke motsi a cikin waɗannan injuna yana gyaruwa, amma zanen da ya goge ba ya dawowa da arha. Sauran bayanin duk a kan wannan ya ginu.

Ka fara tabbatar da cewa abin da ke gabanka shi ne abin da kake nema. Dubi inda maki ke fitowa a kan injin. Idan lambobin suna kan wasu fayafayai ne da ke juyawa suna ƙas-ƙas, ko kuma lambobi ne da aka zana a jikin gilashi fitila tana haska su ɗaya bayan ɗaya, to na da ne. Idan lambobin wuta ne irin na agogon lantarki, wannan na fanel ne, wato mai kwamfuta a ciki, kuma gyaransa wani fanni ne daban. Wannan dubawar tana da muhimmanci ga injunan 1976 zuwa 1979, domin a shekarun ne kamfanoni suka sauya, har akwai sunayen da aka ƙera iri biyu. Bally da Williams sun koma fanel wajen 1977, Gottlieb kuma ya ci gaba da fitar da na da har 1979. Sannan ka kula da wasu injunan Bally da ake kira bingo. Kamanninsu ɗaya da fimbol daga nesa, amma ba su da fikafikan nan biyu da ake bugun ƙwallo da su, filinsu cike yake da ramuka masu lamba. Na caca ne, cikinsu ya fi na fimbol rikitarwa nesa ba kusa ba, kuma sabon shiga ba shi da abin yi da su komai arharsu.

Fikafikan kansu suna gaya maka shekarun inji. Gottlieb ne ya fara sa su a injinsa mai suna Humpty Dumpty a 1947. Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 gajeru ne, inci biyu, daga baya aka koma masu inci uku irin waɗanda aka sani yau. Wanda ya saba da injunan zamani yakan ji gajerun kamar an tauye masa hannu, don haka idan ba ka taɓa buga irinsu ba, ka gwada kafin ka saya. Ni ina son su, wasansu na dabara ne da girgiza inji a hankali, amma yara da baƙi sun fi jin daɗin dogayen.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada mutuwar inji ta tsorata ka. Cikinsa ba komai ba ne illa taransifoma, da kwayil-kwayil (naɗin waya da ke jan ƙarfe idan wuta ta shiga), da rile masu yawa (makunnan da wuta ke buɗewa da rufewa), da ɗaruruwan makunnai na siraran ƙarafa masu kwantak a baki, sai wani ƙaramin inji mai juyawa a ƙasan akwatin wanda shi ke tsara komai bi da bi. Bari in kira shi majuyi. Kamar tsohuwar mota ce mai kwantak: duk abin da ya lalace kana ganinsa da ido, kana taɓa shi da hannu. Idan ka danna maɓallin farawa, majuyin zai fara juyawa yana tura wuta zuwa fayafayan maki har kowanne ya koma sifiri. Kowane faifai yana da makunnin da ke shaida cewa ya kai sifirin. Sai duk sun shaida majuyin zai tsaya, injin ya miƙo ƙwallo. To idan faifai ɗaya tak ya maƙale saboda tsohon giris ya daskare, ko kwantak ɗinsa ya yi datti, majuyin zai yi ta juyawa ba tsayawa, wasa kuma ba zai fara ba. Mai injin sai ya ce ya mutu. Da yawa daga cikin injunan da ake sayarwa da sunan matattu irin wannan ciwon ke damunsu, ko fis da ya ƙone, ko filogin wayoyin da ke haɗa kai (akwatin tsaye mai nuna maki) da gangar jiki ya yi tsatsa, ko makunnin hana girgiza ya lanƙwashe ya manne. Dogon zama ne ke kashe su fiye da yawan aiki.

Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi guda uku ne, kuma a nan nake so ka ɓata lokacinka ranar dubawa.

Gilashin kai shi ne na farko, wato babban hoton nan da fitilu ke haskawa ta baya. Tawadar a bayan gilashin aka buga ta, kuma zafin ƙwan fitila da laima da sanyi suna sa ta tsage ta riƙa zubowa. Daga gaba, fitilu a kashe, gilashi yana iya yi maka kyau. Ka sa a buɗe bayan kan, ko a kunna fitilu, ko ka haska da tocila, ka ga inda haske ke ratsawa. Ka duba ƙasan kan ko akwai ɓarɓashin fenti da ya taru. Idan tsagewar kaɗan ce ana iya tsayar da ita da feshin fenti marar launi, kamar Krylon Triple Thick da masu wannan harka suka saba amfani da shi, amma feshin ba ya mayar da abin da ya riga ya zube. Ana buga sababbin gilasai na sanannun injuna, sai dai kuɗin ɗaya tare da na aikowa yana iya cinye rabin abin da ka biya wa injin duka, wani lokaci ma fiye. Injin da ba a san shi sosai ba kuwa, ba lallai ka samu ba ko da kuɗinka. Kada ka goge bayan gilashin da tsumma, ko da busasshe ne.

Na biyu filin wasa, katakon da ƙwallo ke gudu a kai. Datti ba matsala ba ne. Baƙin da ke kan yawancin tsofaffin filaye ƙura ce da ragowar roba, kuma yana fita. Abin nema shi ne inda fenti ya cinye har katako ya fito, kuma wuraren da hakan ke faruwa sanannu ne: kewayen bamfa-bamfan da ke cilla ƙwallo, gaban ramukan da ke tofo ta, da tsakiyar fili sama da fikafikai. Ka kwantar da kanka ka kalli filin ta gefe inda haske ke zamewa. Idan ka ga siraran tsagu a jere suna bin jijiyar katakon, laima da bushewa sun yi ta musayarsa, kuma fentin wurin ba shi da sauran ƙarfi. Sannan ka shafa robobin nan masu launi da aka dasa a cikin katakon fitila tana haska su ta ƙasa. Da tsufa sukan lotsa su zama kamar ƙaramin kwano, ƙwallo ta riƙa karkacewa ko ta tsaya a ciki, bakinsu kuma ya riƙa cin fenti. Ana cike su, amma aiki ne na haƙuri. 'Yar cinyewa a gefen bamfa ba za ta hana ni saye ba, kusan kowane inji mai shekara 50 yana da ita. Fili mai faffaɗan tabo a tsakiya inda ido ke sauka kullum, wannan zai dame ka duk ranar da ka kunna.

Na uku shi ne cikar kaya. Ɗaga filin ka leƙa ƙasansa da cikin akwatin, ka buɗe bayan kai. Kana neman wayoyin da aka yanke suna lilo, da gurbin da sukurori suka bar alama amma abin da ke wurin babu shi. Masu haya da waɗannan injuna a da sukan mayar da tsoho ɗaya wurin ciro kaya don gyaran sauran. Kwayil da roba da ƙwan fitila da sifirin (murɗaɗɗiyar waya mai mayar da abu wurinsa) duk ana sayar da sababbi har yau. Amma na'ura sukutum da aka cire, ko robobin ado masu zanen wannan injin kaɗai, sai dai ka yi ta cigiya. Haka nan ka lura da gyaran ganganci: waya da aka tsallake da ita daga nan zuwa can, rile da aka ɗaure da zare ko aka cusa wa takarda, fis da aka naɗe da waya. Injin da ba wanda ya taɓa shi shekara 30 ya fi mini wanda gwanin ƙarya ya yi mako ɗaya a cikinsa, domin na farko yana nan yadda taswirar wayoyinsa ta nuna, na biyun kuwa sai ka fara warware abin da aka ƙulla.

Ka yi amfani da hancinka. Warin fumfuna yana nufin ruwa, warin fitsari yana nufin ɓeraye sun yi gida, kuma fitsarinsu yana cin ƙarfe. Ka duba ƙasan akwatin da kusurwoyin baya ko katakon ya kumbura ko ya fara rabuwa. Tsatsa a ƙafafu ba komai ba ce, amma tsatsa a jikin rile da na'urorin ciki tana nufin kowane makunni sai an bi shi. Wannan ne mataccen da zan bari ko da kyauta aka ba ni, sai dai in don kayan gyara. Kwayil da takardar jikinsa ta yi baƙi ta ƙone kuwa ƙaramin abu ne, ana canza shi, sai dai ka tuna cewa wani abu ne ya riƙe shi a kunne har ya ƙone, kuma idan ba a gano abin ba sabon ma zai bi sahu.

Duk wannan ba ya yiwuwa ta hoto. Kada ka yi cinikin biri a sama. Idan nisa ya hana ka zuwa, ka nemi hoton bayan gilashi, da ƙasan fili, da cikin akwati, da bidiyon wasa daga danna maɓalli har ƙwallon ƙarshe. Mai sayarwar da ya ce makulli ya ɓata don haka ba za a buɗe ba, to farashin ya zama na abin da ba a gani ba. Kalmar nan ta "yana aiki lokacin da muka ajiye shi" kuwa, ka ɗauke ta a matsayin ba ya aiki.

Idan injin yana kunnuwa, ka buga cikakken wasa, kuma idan na mutum huɗu ne ka sa 'yan wasa huɗu. Mutane da yawa shekara da shekaru ɗan wasa na farko kawai suke bugawa, fayafayan na uku da na huɗu sun daskare ba su sani ba. Ka cire gilashin sama ka taɓa kowane abin hari da ƙwallo a hannu, ka ga ko makin da aka rubuta shi ke shiga, ka ga ko tara tana juyewa ta ƙara ɗaya a faifan gaba. Ka riƙe fiffike a sama na ɗan lokaci. 'Yar ƙara ba laifi ba ce. Amma kwayil ɗin fiffike naɗi biyu gare shi, mai ƙarfi na bugu da mai sauƙi na riƙewa, kuma akwai makunnin da ke buɗewa idan fiffiken ya kai ƙarshe don a koma kan mai sauƙin. Idan bai buɗe ba za ka ji gurnani mai ƙarfi, kwayil ya yi zafi nan da nan. Gyara ne mai sauƙi, amma abin ragin farashi ne.

Sai batun wane iri. Manyan kamfanonin zamanin huɗu ne, duk a Chikago ta Amurka: Gottlieb, Williams, Bally da Chicago Coin. Masu tara waɗannan injuna sun fi kwaɗayin na Gottlieb na mutum ɗaya, masu kan da ya fi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, irin su Slick Chick na 1963, Kings & Queens na 1965, El Dorado da Atlantis na 1975, da Centigrade 37 na 1977. Suna da hujja. Injin da ba shi da kwamfuta ba ya iya tuna abin da kowane ɗan wasa ya cim ma a kan fili, in ban da makinsa, don haka a na mutum biyu ko huɗu yawanci komai yana komawa farko da kowace ƙwallo. A na mutum ɗaya kuwa abin da ka tara yana nan daga ƙwallo zuwa ƙwallo, shi ya sa dokokinsa suka fi zurfi. Ga shi fayafayan makinsa huɗu ne ko makamancin haka, inda na mutum huɗu ke da 16, ga na'urar sauya 'yan wasa a kai. Ya fi sauƙin gyara, ya fi sauƙin ɗauka, amma ya fi tsada. Haka ma tsada gare su Fireball na Bally na 1972, da Captain Fantastic na 1976 mai hoton mawaƙi Elton John: an ƙera fiye da 16,000 na wannan na biyun, amma suna ya hana shi arha.

Mai ƙaramin kuɗi ya dubi inda masu tarawa ba su cika rububi ba. Injunan Williams na mutum huɗu na tsakiyar shekarun 1970 suna da yawa a duniya kuma wasansu da sauri. Space Mission da Grand Prix, duka na 1976 kuma duka Steve Kordek ne ya tsara wasansu, kowanne an ƙera fiye da 10,000, don haka kayan gyara da masu sanin su ba sa wuya. Akwai kuma wata dabara a wajen Gottlieb: sukan fitar da fili ɗaya da sunaye daban-daban. Jack in the Box na mutum huɗu shi ne Jumping Jack na mutum biyu, Royal Flush shi ne Card Whiz, Fast Draw shi ne Quick Draw. Tsarin filin El Dorado ma ya sake fitowa a Target Alpha na mutum huɗu da Solar City na mutum biyu. Idan sanannen ya fi ƙarfin aljihunka, ɗan'uwansa yana iya shiga. Na Chicago Coin su ne suka fi arha a yawancin lokuta, kuma akwai dalili: ba su kai sauran farin jini ba, kayansu sun fi wuyar samu, kuma ranar da za ka sayar za ka ji a jikinka. Haka na kamfanonin Turai irin su Zaccaria na Italiya da Recel na Sifen. Wasu suna da daɗin wasa, filayensu ma sukan jure, amma ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da su ba sai in a inda yake nan ne suka fi yawa.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: akwai injunan da ladarsu wasa ne kyauta, akwai waɗanda ladarsu ƙarin ƙwallo ce. Na biyun sun samo asali ne daga dokokin caca, domin a wasu wurare ana ɗaukar wasan kyauta a matsayin abu mai daraja da aka ci. Birnin Niyok ma haramta fimbol ya yi gaba ɗaya daga 1942 har 1976. Gottlieb ya fara fitar da mai ƙarin ƙwallo da injin Flipper a 1960. A gida, inda ba kwabo kake sakawa ba, wasan kyauta ba shi da wata ma'ana sai ƙarar da injin ke yi don taya ka murna, amma ƙarin ƙwallo lada ce ta gaske. Don haka idan ka ci karo da Gold Strike, wanda shi ne El Dorado mai ƙarin ƙwallo, kada ka raina shi.

Kafin ka je, ka buɗe rumbun bayanan IPDB a intanet ka nemi sunan injin. Za ka ga shekararsa, da yawan da aka ƙera, da hotunan yadda ya kamata ya kasance, ta haka za ka gane abin da ya ɓace. Ka kuma tambaya ko taswirar wayoyinsa tana ciki, domin ba a gyaran waɗannan injuna da ka. Na Bally da Williams da yawa ana samunsu kyauta, na Gottlieb kuwa suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, saye ake yi. Game da farashi, abin da ake nema a talla ba shi ne abin da ake biya ba. Ka bincika nawa aka sayar da irinsa kwanan nan a yankinka, domin nauyin injin ya sa kasuwar kowane yanki daban take. Kuma kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Ka bar wani kaso mai kauri na roba, ƙwayayen fitila, sababbin ƙwallaye, fis, wayar wuta, kayan fikafikai da kuɗin ɗauko shi.

Ɗaukowar ma aiki ce. Nauyinsa yana kaiwa kilo 100, na mutum huɗu yakan wuce haka, sai da mutum biyu. Ka fitar da ƙwallo tukuna. Kan waɗannan injuna ba ya naɗewa kamar na zamani, kwance shi ake yi: ka ɗauki hoton filogan wayoyin, ka sa musu alama, ka zare su, ka kwance notinan da suka riƙe kan, sannan ƙafafu. Gilashin kai ya yi tafiya a tsaye, a naɗe da bargo, ba abin da ke gogar bayansa. Ka auna ƙofofinka tun kafin ka baro gida.

Da ya iso, kada ka yi saurin jona shi. Ka duba irin wutar da aka saita shi a kai, domin na kasuwar Amurka na ƙarfin wuta (volt) 110 zuwa 120 ne, kuma idan wutar inda kake 220 zuwa 240 ce sai an sauya haɗin taransifomar in tana da wurin hakan, ko a sa masa mai rage wuta. Ka canza tsohuwar wayar wuta da mai baki uku, ka bi kowane fis ka tabbatar girmansa shi ne wanda aka rubuta a gefensa. Kwayil-kwayil suna aiki da volt 24 zuwa 50 ne gwargwadon kamfani, fitilu da 6, amma akwai cikakkiyar wutar gida a wasu sassa, a wasu tsofaffin har a ƙofar kwabo, saboda haka a cire filogi kafin a sa hannu. Idan ba ka saba da aikin lantarki ba, wannan ɓangaren ka ba wanda ya iya.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka fesa komai a ciki, ko man feshi irin WD-40 ko maganin wanke kwantak. Makunnan nan suna tartsatsi a duk lokacin aiki, feshin kuma yana kamawa da wuta, wanda bai kama ba ya zama danƙo ya tara ƙura. Na'urar da ta daskare kwance ta ake yi, a wanke da sifirit, a mayar. Sandar ƙarfen da ke shiga cikin kwayil a bushe take aiki, ba a sa mata mai. Kuma kada ka bi makunnai kana lanƙwasa su don kawai ka ga kamar sun buɗe da yawa. Ka ɗaure sukurorinsu tukuna, ka goge wanda taswira ta nuna maka shi ne mai laifi, ka gyara matsala ɗaya ka gwada kafin ka taɓa ta gaba. A bayan gilashin kai ka sa ƙwai mai lamba 47 a madadin 44, ya fi shi ƙarancin zafi. Tsohuwar ƙwallo mai tsatsa ko ƙwarzane ka jefar, ita ce ke cin fenti. Bayan ya tashi, ka riƙa buga shi ko sau biyu ne a mako, domin an ƙera makunnan ne yadda kowace rufewa takan ɗan goge bakin kwantak ɗin, kuma wanda aka bari watanni a kashe yakan koma maƙalewa.